Ranar da Na Wanke Farantan Ayu

Asabar: Mai Wurno zuwa Madani

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na kulle ɗakina, na bar wa maƙwabciyata amanar awakina uku. Ita ce take rubuta wannan daga bakina, don na gaji da maimaita wa matan unguwa zance ɗaya kullum. An yi tafiyar ne tun hanya tana lafiya, kafin fitinar da Allah ya jarrabe mu da ita.

Autata Sa'adiya ce ta fitar da ni. Likitar dabbobi ce, mijinta Bashir kuma makanikin injin jirgin masunta, suna zaune can bakin Bahar Maliya. Cikin fari gare ta. A gidanmu mai cikin fari tana wata bakwai take dawowa ɗakin uwarta, a nan za ta haihu, a binne mabiyiya bayan ɗaki, a yi wankan jego kwana arba'in. Yayyenta mata huɗu duk haka aka yi musu. Ita kuwa wata na bakwai ya wuce, na takwas ya kama, kullum a waya sai, "Inna, saura kaɗan, ina da marar lafiya." Da na matsa mata na ce wane ne wannan marar lafiya, sai ta ce ayu ne. Ayu! Dabbar ruwan da kakata take ba mu labarinta, ta kogunan ƙasar da suka baro. Na ce to madalla, ina nan tafe in ga ayun da ya fi uwa.

Hafla, ƙaramar motar haya, ta tashi biyar da kwata. Kumsari, wato yaron mota, ya dubi buhun tsarabata, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ya ce, "Habboba, wannan kuɗin mutum guda ne."

Na ce, "Ka ji yana numfashi?"

Ya ce a'a.

"To ranar da ya fara, zo ka karɓa."

Kafin shida muna Sinnar. Na sha shayi a tsaye, na hau motar Madani bakwai saura kwata, muka isa tara da 'yan mintuna. Motar Bur Sudan sai asubar gobe, don haka na kwana gidan wata 'yar ɗakinmu. Ta ba ni kisra da miyar kuɓewa. Gishiri ya yi yawa, na kuwa gaya mata.

Lahadi: Madani zuwa Bur Sudan

Ƙarfe biyar daidai babbar mota ta ɗaga. Direba ya ce kilomita dubu ne da ɗoriya. Ya kunna mana sanyi kamar kifi ya ɗauko, na aika aka gaya masa akwai tsofaffi a ciki, ya rage, na sake aikawa, ya kashe.

Kafin Gadarif aka tsayar da mu bincike. Wani soja ya karɓi katina, ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce wannan ba ta yi kama da ni ba. Na ce lokacin da aka ɗauka ina da haƙora, ba ni kuma da 'ya likita. Ya tambayi abin da zan je yi bakin teku. Na ce zan ɗauko ɗiyata daga hannun ayu. Ya miƙo mini katin da sauri.

Azahar a Kasala, ƙarƙashin duwatsun nan masu santsi kamar an kife tukwane. Na ci ful da burodi, na sha jabana, gahawarsu mai citta, kuɗin kofi ɗaya ya isa kofi uku a Mai Wurno. Daga nan ba gona, ba kogi, sai tsakuwa da raƙuma. Bayan la'asar sakaliya muka kama gangaren duwatsu, mota tana murɗawa kamar maciji, matar da ke kusa da ni tana ta salati tana riƙe hannuna ba tare da ta tambaye ni ba. Bakwai da rabi muka shiga Bur Sudan. Bashir yana jirana a tasha. Ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa, cikin man mota da ɓawon gyaɗa. Yaron yana da ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya kama mini ɗaki a lukanda, masaukin baƙi. Na duba zanin gado, na shimfiɗa nawa.

Litinin: ƙauyen masunta

Bakwai na safe muka hau bayan boksi, a-kori-kura, muka yi arewa, teku tana hannun dama. Ruwa ne har ƙarshen ido, amma ba mai ba ka kofi ɗaya ka sha. Sha ɗaya saura muka isa. Sa'adiya ba ta gida, ta fita wajen masunta. Bashir ya ajiye mini ruwa da dabino ya ce zai je ya kira ta.

Uwa idan ta shiga gidan ɗiyarta, ba zama take yi ba. Na duba ƙarƙashin gado, na shinshina randa, na shafa yatsa a taga. Ba laifi. Sai na ga wani ɗaki a ƙarshen tsakar gida, ƙofarsa a sakaye, makulli a jiki. Na tura. Ga firji, ga famfo, ga ɗan murhun gas. Na ce to, ga madafa. Amma ba tukunya, ba ludayi, ba muciya. Na ɗaga ido kan kanta, sai da na dafe bango.

'Yan faranta ne na gilashi masu murfi, ashirin da huɗu, a jere. Kowanne da ragowar wani abu kamar kamu ya daskare, a kansa kuma funfuna. Wata fara kamar auduga, wata kore, wata baƙa mai gashi kamar bayan bunsuru. Har an naɗe bakinsu da salatif, wai don kada a gani ko don kada a ji wari. Na ce inna lillahi. Ɗiyar da na haifa, na koya mata wanke-wanke tun tana shekara biyar! Yau da gwaggon Bashir ce ta buɗe ɗakin nan, da wane ido zan shiga biki a Mai Wurno?

Ban tsaya ba. Na ciro sosona daga jaka, don ban taɓa yarda da soson gidan wani ba. Na ɓare salatif, na kankare, na dafa ruwa na zuba, na cuɗa da sabulu da yashi. Har wani baƙin rubutu da ke kan murafen sai da na ga bayansa. Na jera su a rana suna ƙyalli, na koma na zauna ina jan carbi.

Sallamar Sa'adiya na fara ji, da murna. Ta shigo tana tura ciki, ta buɗe hannu za ta rungume ni, sai idonta ya sauka kan farantan. Ta tsaya. Sai ta zauna a ƙasa, nan inda take.

"Inna. Me kika yi?"

"Abin da ya kamata ki yi tun wata guda."

"Duka?"

"Har murafen. Ba sai kin gode ba."

Bashir ya juya ya fita, kafaɗunsa suna rawa. Har yau yana cewa tari ne ya sarƙe shi.

Ta ce, "Inna, an rubuta a ƙofar, kada kowa ya shiga. Da manyan baƙaƙe."

Na ce, "Wa kika rubuta wa? Ayun?"

Kafin ta yi mini bayani sai da ta kama hannuwana ta juya su tana neman ƙurji ko yanka, ta wanke mini su da wani magani mai warin asibiti, ta tambaye ni ko na shaƙa, ta sa aka dafa zanen da ke jikina. Sannan ta zaunar da ni. Ta ce ɗakin ba madafa ba ne, ɗakin aikinta ne. A 'yan shekarun nan, in ji ta, masu irin aikinta a ƙasashe masu nisa suna ganin wata cuta a jikin dabbobin teku, irin funfunar nan ce take kama fatarsu, wani lokaci har huhu. An gan ta a wata dabba ta ƙasashen ƙanƙara mai kai kamar na kare, ba ta da ƙafa sai filafilai. Yanzu masuntan nan ma sun fara ganin tabo a bayan ayu, da kuma manyan nan masu tsalle gaban jirgi da suke kira abu salama. Ba wanda ya san ko cutar ɗaya ce, ko tana iya hawa hannun masunci. Ba a gane ta da ido. Sai an kankaro fatar, an shuka a faranti, an jira ta tsiro, sannan a aika babban ɗakin bincike.

Na ce, "Wato noma kike yi."

"Mako shida, Inna. Jibi mota za ta kai su. Gata in bi ki gida." Ta nuna mini akwati bakin ƙofa. A ɗaure yake, har da kayan jariri.

A gidanmu uwa ba ta ba ɗiya haƙuri da baki. Na tashi na tuƙa mata tuwo da miyar kuka, na sa daddawa da yawa yadda take so. Ta ci tana hawaye, ta ƙara.

Da safe na ce ta bar komai mu tafi. Ta ce masunta sun ba ta amana, matansu su suke gyaran raga da hannu, ba za ta tafi ta bar su da "ban sani ba". Na dube ta, na ga taurin kan nan na san inda ta gado shi. Na ce to a kira ayun a sake kankara. Ta ce ba a kiran ayu. Sai Allah ya sa wani ya faɗa raga.

Kwana tara a bakin ruwa

Kullum bayan asuba nakan ɗauki kujera in je inda jirage suke dawowa in zauna. Shugaban masuntan sunansa Ohaj, dogo, gashi kamar kwando, Larabcinsa da nawa duk guragu ne, shi ya sa muka fahimci juna.

"Ohaj, ina ayu?"

"Hajja, amaryar teku ba ta fitowa don an matsu."

"Amare nawa na fitar daga ɗaki. Ku dai ba ku iya ba."

Rana ta biyar ya fara sauka can nesa ya zagayo ta bayan masallaci don kada mu haɗu. Na mai da kujerata bayan masallaci. Ina zaune ina ƙirga kwanakin cikin nan da yatsu, lissafin ba ya yi mini daɗi.

Wajen ayu

Rana ta goma, takwas da minti ashirin, Ohaj da kansa ya zo da gudu. Ayu ɗaya, mace, ta sarƙe a raga cikin wani lungu marar zurfi. Sa'adiya ta ɗauki jakarta. Na ce ƙafarki ƙafata. Minti arba'in muka yi a jirgi, Bashir yana riƙe da inji, ni ina riƙe da Bashir da ido. Abin da na ci da safe na bar wa teku sadaka.

Maza huɗu suna tsaye cikin ruwa iya ƙirji, sun tallafe ta don hancinta ya samu iska. Jama'a, na ga halitta. Ta fi gado tsawo, jiki sumul kamar salka, fuska irin ta tsohon attajiri mai gashin baki, ga nono a hammata. Tana fitar da numfashi kamar mai ajiyar zuciya. Can gefe wani ƙarami yana ta kewaya, ya matso ya koma. Ohaj ya ce ɗanta ne. A bayanta da wuyanta kuwa ga tabo nan zagaye-zagaye, fari-fari, bakinsa ya tasa.

Na ce, "Wannan ai makero ne."

Sa'adiya ta ce, "Wataƙila danginsa ne. Shi muke son sani."

Ta sa safar hannu, ta ɗauki askar kankara, ta sunkuya ta bakin jirgi. Ciki ya ce bai san zancen ba. Ta juya ta gefe, hannu bai kai ba. Sai na ga tana tattare zane za ta shiga ruwa.

"Idan kika sa ƙafa cikin ruwan nan, ban yafe ba. Miƙo askar."

"Inna, ba ki iya ba."

"Shekara talatin ina kankare kan yaran Mai Wurno. Har naki."

Aka sa mini safa da takunkumi, Bashir da Ohaj suka sauke ni kamar buhun dawa. Ruwa ya kawo mini wuya, mayafina ya tashi sama kamar laima. Na dafa bayanta na ce, sannu baiwar Allah, ni ma uwa ce, ba zan daɗe ba. Na sa aska a bakin tabon.

Sa'adiya ta ce daga sama, "A gefe za ki... au. Wa ya gaya miki?"

"Makero a baki yake ci. Tsakiya kango ne, ya riga ya tashi."

Ta miƙo kwalba. Wuri shida na kankara, ba jini ko ɗigo. Na nemi a bar ni in shafa mata lalle da tafarnuwa, aka ce ruwa zai wanke kafin ta juya. Sai na tofa mata abin da ya sawwaƙa. Suka yanke raga. Ta yi jim, ta kaɗa wutsiya sau ɗaya ta watsa mini ruwa har cikin kunne, ɗanta ya manne a gefenta suka nutse.

Gadin funfuna

Aka shuka a farantan nan da na wanke. Sa'adiya ta sake dafa su a tukunyarta ta aiki, amma ta yarda ba ta taɓa ganinsu da haske haka ba. Sai jira. Idan ba ta tsiro ba, sai an sake neman wata ayun.

Na dasa kujera a ƙofar ɗakin. Ni da na yi shekara sittin ina yaƙi da funfuna, ga ni bayan kowace salla ina roƙon Allah ya fito da ita, ya yi mata albarka, ya sa ta yi gashi. Ba na barin kowa ya wuce da tsintsiya. Bashir ya zo neman filaya, na ce ya karanta abin da aka rubuta a ƙofa. Safe da yamma Sa'adiya takan ɗaga mini faranti ta bayan gilashin taga in duba. Mako guda ba komai. Cikinta ya sauka ƙasa, na gani, ita ma ta san na gani.

Ranar sha ɗaya da hantsi ta ɗago faranti na uku, sai na hango ɗigo fari kamar ƙwayar gero.

"Sa'adiya, ga ta can! Gefen hagu!"

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Kafin in rufe baki matan ƙauyen sun cika gidan, wata da ruwan zafi, wata da turare, wata tsohuwa da reza. Suna ta tambaya, mace ko namiji? Bashir ya ce musu funfuna ce. Tun daga ranar suke gaishe ni daga nesa.

Kwana uku bayan nan faranti tara suka tsiro. Aka naɗe su cikin akwati, na raka shi har mota, na gaya wa direban abin da zai same shi idan ya buɗe.

Komowa

Likitar mata a Bur Sudan ta duba ta, ta ce saura kamar mako biyu, a bi hanya a hankali, a raba ta biyu. Laraba shida na safe muka tashi mu uku, muka kwana Kasala. Alhamis ƙarfe biyar muka ci gaba, sha biyu muna Madani, ɗaya da rabi muka samu motar Sinnar.

Ba mu yi nisa ba na ga ta kama ƙarfen kujerar gaba, yatsunta sun yi fari. Ta saki. Can ta sake kamawa.

"Tun yaushe?"

"Tun Gadarif, Inna. Na ce ko zan kai miki shi gida."

Na ce wa direba ya taka. Ya ce ɗazu ni na ce ya rage gudu. Na ce ɗazu ɗazu ne. Huɗu saura kwata muka shiga Sinnar. Na dube ta na dubi hanyar Mai Wurno, rabin sa'a ce kawai. Faya ta fashe a bakin tasha. Na ce wa mai raksha, keke mai ƙafa uku, asibiti.

Kafin magariba ta sauka lafiya, mace, mai ƙarar murya. Ungozoma ta naɗe mabiyiya za ta wuce da ita, na tare ƙofa. Ta ce Hajja, a nan mu muke kula da wannan. Na ce wannan tana da gida. Na juye sauran dabino a jakar Bashir, na karɓe ta cikin kwanona mai murfi, na ɗaure da ɗankwali.

Juma'a tara saura ashirin muka hau hafla, kwanon yana kan cinyata, ban bar kowa ya riƙe mini ba. Tara da minti goma muka sauka ƙofar gida. Kafin in sha ruwa na ɗauki fartanya na zaga bayan ɗaki, na haƙa kusa da na 'ya'yan yayyenta, na wanke ta na binne. Sannan na hura wutar ruwan wanka.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mun tafi ni kaɗai mun komo mu huɗu. Na gode wa Bashir, da Ohaj da mutanensa, da matan da suka kawo ruwan zafi ba a haihu ba, da direban Sinnar wanda na zaga. Sakamakon farantan bai fito ba tukuna, ayun kuma ban san halin da take ciki ba. Wanda ya ji wannan ya sa ta a addu'a, tana da goyo.

Masu tambaya me ya sa jikata ta faɗo a Sinnar, ita kaɗai cikin jikokin fari na ɗakina, ku bar ɗora wa direba, ku bar ɗora wa ayu, ku bar ɗora wa karatun boko. Yarinyar nan ta ɗaure akwatinta tun kafin in iso, ta kuma danne naƙuda tun daga Gadarif saboda ni. Hannuna ne da sosona. Na faɗa sau ɗaya, kada wadda ta sake tambayata.